Babu shirin da zai mayar da zaƙami magani

A ƙarshen watan Afrilun bara, bayan La'asar, wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida ina gyaran takardun yara. Tun yana firamare na koyar da shi, yanzu ya kai shekara 21, yana kalando da babur ɗin wani. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka ɗan taɓa hira, sai ya yi shiru yana juya makulli a hannu. Can ya ce, "Malam, tambaya gare ni, amma don Allah kar Baba ya ji. Yaya mutum yake shirya jikinsa da zuciyarsa in zai sha magani mai ƙarfi?"

Na ce wane irin magani? Sai ya warware mini. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar bak. Babur ɗin ma kullum cikin lalacewa. Wani abokinsa ya ba shi labarin wani mutum a bayan gari da yake shirya zaman dare, wai zaman buɗe ido. Sharuɗɗan su ne: azumin kwana uku, ba gishiri, ba maiƙo, ba kusantar mace, a zo da farin yadi da jaka 15. A dare na uku za a ba ka jiƙo a ƙwarya, in ka sha za ka ga wanda ya ɗaure maka sa'a da idonka. Na tambaye shi me ake jiƙawa. Ya ce 'ya'yan wani tsiro ne mai farin fure kamar kakaki, ƙwallonsa duk ƙaya. Na ce, "Ai zaƙami ke nan, ɗana."

Ya ce ya sani. Ya ciro waya ya nuna mini bidiyo a YouTube da TikTok, ga Turawa nan a dazukan Peru da Gabon suna bayanin yadda suka yi makonni suna ƙauracewa abinci kafin su sha nasu ganyen, suka dawo wai sun warke daga baƙin ciki. Ya ce, "Malam, ka ga su ma da shiri suke yi. In mutum ya yi shirin daidai ai ba abin da zai same shi."

Amsar da na ba shi a ranar ita ce zan maimaita a nan, domin na gane ba shi kaɗai ne yake wannan tambayar ba a unguwanninmu. Babu azumi, babu wanka, babu niyya, babu farin yadin da zai sa zaƙami ya zama abin sha. Shirin da ake sa yaranmu su yi ma, shi ne yake ƙara kusantar da su ga kabari. Zan kawo hujjata daki-daki, wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Mu fara da tsiron kansa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ko a nan Injamena ya san shi, a juji yake fitowa, da bayan katanga, da bakin kwata bayan damina. Shi ya sa wasu suke ce masa babba-juji. Amma sunan da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda kakanninmu suka raɗa masa: haukata-yaro. Masana tsirrai suna kiransa Datura. A cikin ganyensa da furensa da saiwarsa, musamman 'ya'yansa, akwai sinadarai uku masu ƙarfi: atirofin, da hayosayamin, da sikofolamin. Aikinsu shi ne toshe wani saƙo da jijiyoyi suke aika wa gaɓoɓin jiki. In saƙon nan ya tsaya, yawu ya ƙafe, baki ya bushe kamar ƙasa, baƙin ido ya buɗe har haske ya riƙa yi wa mutum ciwo, zuciya ta riƙa gudu, fitsari ya ƙi fita, hanji ya tsaya, gumi ya ɗauke ɗif. A ƙwaƙwalwa kuma, mutum ya rikice, ya riƙa magana da waɗanda ba sa nan, yana tsintar abin da babu a ƙasa, bai san inda yake ba, bai san uwarsa ba. Wannan hali yakan kai kwana ɗaya ko biyu, idon kuwa yakan yi kwanaki bai koma daidai ba. In abin ya yi yawa sai jijjiga, sai doguwar suma, sai mutuwa.

To a nan ne maganar take. Ka riƙe batun gumin nan. Gumi shi ne fankar da Allah ya sa wa jikin ɗan Adam. A garin nan, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, ko a inuwa kake sai ka jiƙe. Yanzu ɗauki yaron da ya yi kwana uku yana azumi, ruwan jikinsa ya riga ya ragu, cikinsa wayam ta yadda duk abin da ya shiga zai bi jini nan take. Ka ba shi abin da zai kashe masa gumi, ya sa zuciyarsa gudu, ya sa shi yawo ba hankali. Gari ya waye, rana ta take. Me kake jira? Jikin zai yi ta ɗaukar zafi ba hanyar fita. Abin da aka kira shiri, shi ne ya share wa gubar hanya.

Abu na biyu, zaƙami ba shi da ma'auni. Ƙarfin gubar da ke cikin wannan gindin daban ne da na wancan, ko da a juji ɗaya suka fito. Na damina daban, na rani daban, ganye daban, 'ya'ya daban, kuma bambancin yakan kai ninki-ninki. Adadin da ya sa wani surutai jiya, shi ne zai kashe wani gobe. Mai jiƙawar nan ba shi da awo, ba shi da na'ura, hannunsa kawai da idonsa. In ya ce maka ya san ƙa'ida, wallahi shi ma caca yake yi, sai dai da ranka yake yin ta.

Ɗalibina ya ji maganata, alhamdu lillahi, ko kuma dai kuɗin ne ba su cika ba, Allah ne masani. Abokinsa ya tafi. Kashegari da hantsi masu wanki suka tsince shi a bakin kogin Shari, ba takalmi, ba riga, yana kama iska da hannu yana cewa a buɗe masa ƙofa. Saura ƙiris ya faɗa ruwa. Aka kai shi gida, mutanen gida suka ce aljanu ne. Suka ɗaure shi, suka rufe ɗaki, suka lulluɓe shi da bargo, suka cika ɗakin da hayaƙin turare. Yini guda ana haka. Sai da ya fara jijjiga wani maƙwabci ya matsa aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya yi kwanaki a kwance, har da robar fitsari. Allah ya yi da sauran kwana.

Da ya warware na je duba shi. Na ce masa, "To, me ka gani?" Ya ce, "Malam, wallahi ban tuna komai ba. Na tuna ɗacin abin a bakina, sai kawai na farka na ga ƙarin ruwa a hannuna." Wannan ba abin mamaki ba ne, domin sikofolamin yana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa. Amma ka ji abin da ya biyo baya. Mai maganin ya aiko masa da saƙo cewa ai a daren nan ya yi ta kiran sunan kishiyar uwarsa, don haka ita ce ta ɗaure shi, ya kawo wasu kuɗin a kwance ɗaurin. Jama'a, ku duba wannan da kyau. An ba ka abin da zai shafe maka tunani, sannan wanda ya ba ka shi ne zai gaya maka abin da ka gani. Wannan buɗe ido ne ko rufe ido? Har yau matan gidan nan biyu ba sa ga maciji da juna, a kan maganar da ba wanda zai iya tabbatar da an yi ta. Kuma in ma ya kira sunan, mutumin da bai gane uwarsa ba, shaidarsa za a karɓa a raba zumunci?

Yanzu mu koma kan bidiyon nan na Turawa, tunda su ne hujjar yaranmu. Abin da ake sha a Gabon sunansa iboga, ɓawon saiwar wani ɗan itace ne, kuma yana cikin addinin gargajiya da ake kira Bwiti, wanda ƙabilu irin su Mitsogo da Fang suke bi. A shekarar 2000 gwamnatin Omar Bongo ta ayyana shi a matsayin dukiyar ƙasa. Na Peru kuma sunansa ayawaska, tsirrai biyu ake dafawa tare, ƙasar ta sanya shi cikin al'adunta na gado a 2008. Gaskiya ne masu waɗannan al'adu suna da dogon shiri. A Gabon mai shiga yakan faɗi laifuffukansa kafin a ba shi, ana naɗa masa waɗanda za su tsaya masa kamar uwa da uba, ana ba shi kaɗan-kaɗan ana kallon yadda jikinsa yake. A Peru akan bar gishiri, da sukari, da giya, da naman alade, da jima'i na wani lokaci.

Amma akwai abin da bidiyon ba ya nunawa. Da duk wannan shirin, ana mutuwa. Iboga yana rikita bugun zuciya, ya kashe mutane a Afirka da Turai, har Faransa ta haramta shi a 2007 bayan mutuwar wani saurayi. Wuraren da suke gwada sinadarinsa a kan masu shaye-shaye sai sun auna zuciyar mutum da na'ura tukuna, kuma duk da haka ba su tsira daga asarar rai ba. Ayawaska kuwa ba ya haɗuwa da wasu magungunan asibiti, ciki har da magungunan ciwon damuwa da tramol ɗin nan da ya cika mana gari. Wanda ya mutu ba ya ɗora bidiyo. Waɗanda suka dawo lafiya kawai kake gani suna murmushi. Sannan ko a can ƙasashen Amazon, inda suke da 'yan uwan zaƙami, masu maganinsu da yawa tsoronsa suke ji, suna ɗaukarsa tsiro mai haɗari na daban. Abin da masu abin suke kaffa-kaffa da shi, shi ne wani yake dama wa ɗanka a ƙwarya a kan jaka 15.

Ni ba ina zagin addinin kowa ba ne. A ƙasar nan muna zaune da mutane masu al'adu iri-iri, kowa da hanyarsa ta mayar da yaro namiji, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Da 'ya'yan Musulmi nake magana, waɗanda suke da nasu ma'aunin.

Wani zai ce, Malam, ai gargajiyarmu ce, kakanni sun yi. E, ban musa ba. An san wasu samarin Fulani suna amfani da zaƙami lokacin sharo don kada su ji zafin bulala. An san 'yan bori suna da girka, inda ake killace mutum kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Waɗannan abubuwa sun faru, wasu suna faruwa har yanzu. Amma kakannin nan dai su ne suka sa wa tsiron suna haukata-yaro. Ba su ce masa gyara-yaro ba, ba su ce wayar-da-yaro ba. Sun ga abin da yake yi, suka bar mana gargaɗi a cikin sunan. In za mu bi gargajiya, mu bi ta har da gargaɗinta. Kuma ba mu kaɗai muka gani ba. A Amurka, a 1676, wasu sojojin Ingila a garin Jamestown sun dafa ganyen ɗan uwan zaƙami suka ci, aka rubuta cewa sun yi kwana 11 suna hauka, da suka dawo hayyacinsu ba wanda ya tuna abin da ya yi. Shekara sama da 300 ke nan, alamomin ba su canza ba.

Sai kuma mai cewa, ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi, ba giya ba ce, ina aka haramta shi? Wannan tambayar malamanmu na Malikiyya sun amsa ta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, a littafinsa Al-Furuƙ ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku. Akwai muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, kamar giya. Akwai mufsid, mai dagula hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Akwai murƙid, mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Daga baya Shehu Ahmad Dardiri, mai Aƙrabul Masalik da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 1786, da ya zo sharhin Muhtasar na Halil, da zai ba da misalin murƙid sai ya ambaci datura da sunanta. Zaƙamin nan dai namu. Hukuncin da suka bayar shi ne: irin waɗannan ba najasa ba ne kamar giya, ba a yi wa mai shansu haddin giya, amma duk gwargwadon da zai taɓa hankali haramun ne, kuma ana ladabtar da mai yi. Sun yi rangwame a wurin lalura, kamar a gusar da hankalin mutum don a yanke masa gaɓar da ta ruɓe, abin da yau likitoci suke yi da allurar barci.

To auna zaman buɗe ido da wannan ma'aunin. Manufar zaman gaba ɗaya ita ce a taɓa hankali. In bai taɓa ba, mai maganin zai ce bai kama ka ba, a ƙara. Ke nan abin da aka haramta shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi ka saya. Babu lalura, domin faɗuwa jarrabawa ba ruɓewar ƙafa ba ce. Ga salloli na kwana biyu da za su wuce kana tsintar iska. Ga zuwa wurin mai da'awar sanin gaibu, wanda hadisi ingantacce a Sahihu Muslim ya yi gargaɗin cewa mai zuwa ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Malamai sun ce shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Ka lissafa da kanka nawa ne suka tsira a labarin yaron nan. Azumin da aka sa shi ma abin tausayi ne: an ari rigar ibada an yafa wa abin da ba ibada ba, don zuciyar yaro Musulmi ta kwanta.

Kar a fahimce ni a karkace. Ni ban raina maganin gargajiya ba. Da sabara da tazargade da ganyen dogon yaro aka raine mu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau daga wani ɗan uwan tazargade aka ciro shi, har 'yar ƙasar Sin ɗin da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Atirofin ɗin cikin zaƙami ma likitoci suna aiki da shi: suna ɗiga shi a ido, suna yi wa wanda ya sha maganin ƙwari allurarsa su ceci ransa. Bambancin shi ne awo. Su sun tace shi, sun san ko ɗigo nawa ne, sun san nauyin majinyaci, suna tsaye a kansa da abin da za su tare in ya wuce gona da iri. Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada, su ya kamata su fi kowa tsawata wa masu wannan sana'a, domin sunansu ake ɓatawa.

Akwai tambaya ɗaya da ɗalibina ya yi mini wadda ta fi duk sauran nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Da na gama wa'azina ya ce, "To Malam, na ji. Amma ni yanzu ina zan sa kaina? Kai me za ka ba ni?" Na yi shiru. Domin gaskiya yaron ba maye yake nema ba. In maye ne, ga tramol nan a kowace kwana, ya fi arha. Abin da yake nema shi ne wani babba ya zauna da shi, ya ɗauki damuwarsa da muhimmanci, ya ce masa ga dalilin halin da kake ciki, ga abin da za ka yi kwana uku, ga ranar da za ka fito sabon mutum. Mai maganin bayan gari ya ba shi duk wannan, ko da na ƙarya ne. Mu me muka ba shi? A gida an ce masa malalaci. A makaranta mun ba shi sakamako mun juya baya. A masallaci ya ji haramun ne, aka shafa fatiha aka watse. Laifin nan har da ni a ciki.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta samu matan karkara a cikin bori tsundum. Ba tsawa kawai ta yi musu ba. Ta naɗa jajis, manyan mata masu ilimi, ta ɗaura musu malfa, suka riƙa shiga ƙauyuka suna tara mata suna koyar da su, abin da aka sani da 'yan taru. Ta gane cewa mace ba ta barin inda ake sauraronta sai in ta samu wani wurin da za a saurare ta. Wannan darasin ne muka manta a kan samarinmu.

Kuma ba mu rasa abin bayarwa ba. In shirin jiki da zuciya ake nema, wa ya kai mu? Muna da azumin Litinin da Alhamis, wanda ake buɗe baki da ruwa da dabino, ba da guba ba. Muna da i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Masu ɗariƙa suna da halwa a ƙarƙashin shehin da ya san hanya, kuma ana shigarta ne da hankali a fito da hankali. Muna da istihara, muna da shawara. Duk waɗannan suna ƙara wa mutum nutsuwa ne, yana sane da abin da yake yi, gobe kuma zai tuna. Sannan in baƙin ciki ya yi wa yaro katutu, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana maganar gara ya mutu, wannan ciwo ne kamar hawan jini, akwai likitocinsa, kai shi ba abin kunya ba ne. Wanda ya faɗi bak kuma, wani lokacin abin da yake buƙata shi ne wanda zai zauna da shi a kan lissafi da Faransanci wata shida, ko wanda zai kai shi wurin koyon walda ko gyaran waya. Ɗalibina yanzu yana zuwa wurina daren Talata da Alhamis. Ban yi masa alkawarin zai ga kowa ba, takardun shekarun baya kawai muke bi.

Ina roƙon limamanmu su ɗauki wannan batu a huɗuba, su kira tsiron da sunansa, su faɗi abin da yake yi wa jiki, kar a tsaya a kan kalmar shaye-shaye kawai. Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin Hausawa su san waɗanda suke shirya irin wannan zama, su yi musu magana, in sun ƙi a kai ga hukuma. Malaman makarantun boko da na allo da Islamiyya, mu zagaya bayan katangunmu bayan damina, duk inda muka ga gindin zaƙami mu tumɓuke, domin ƙananan yara ma suna wasa da ƙwallonsa. Iyaye mata, ku ne kuka fi saurin ganin canji. In ɗanki ya tsiri azumin da ba ki san dalilinsa ba, ya daina cin gishiri, yana neman farin yadi da kuɗi a ɓoye, ki zaunar da shi ki tambaye shi da lallashi.

In kuma ƙaddara ta riga fata, aka kawo muku yaro yana surutai, jikinsa zafi rau kuma a bushe ba gumi, baƙin idonsa ya buɗe, bakinsa ya ƙafe, to ku tuna da zaƙami kafin ku tuna da aljanu. A kai shi asibiti nan take. Kafin a samu abin hawa a sa shi a inuwa, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa a jiki ana yi masa fifita. Kar a lulluɓe shi, kar a rufe shi a ɗaki da hayaƙi, kar a ɗaure shi tamau yana fizge-fizge, domin hakan ƙara masa zafi yake yi. Kar a ɗura masa madara ko manja ko tsamiya, ba sa karya wannan gubar, kuma za su iya sarƙe shi. Kar a sa shi amai da ƙarfi. In ya suma a kwantar da shi ta gefe. A tsare shi daga kogi, da wuta, da titi. In an samu ragowar abin da ya sha a tafi da shi. A gaya wa likita gaskiya, har da tramol in yana sha, domin likita ba alƙali ba ne, kuma ɓoye-ɓoyen nan na gudun abin kunya shi ne yake cinye awannin da za a ceci rai. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, ana iya yin su a gefen gadon asibiti.

Da yawa daga cikinmu Hausawan Chadi, hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu. Sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram a ƙasa, wasu suka yada zango a nan tun garin yana Fort-Lamy, wasu a Abeche, suna sana'a suna tara guzuri. Waɗannan mutane sun san shirin tafiya mai haɗari. Kafin mutum ya fito sai ya biya bashi, ya nemi gafarar iyaye da maƙwabta, ya bar wasiyya, ya nemi ayarin da ya san hanya da madugun da aka yarda da shi. Ba wanda ya taɓa cewa bari in zubar da hankalina tukuna sannan in kama hanya, domin hankalin shi ne babban guzuri. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, ba mu da yawan da za mu riƙa asarar samari a bakin kogi. Duk yaron da ya zo maka da irin tambayar da aka zo mini da ita, kar ka kore shi, kar ka yi masa dariya, ka ba shi tabarma ya zauna.

Allah ya tsare mana hankulanmu, ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.